Yadda ake horar da jiki ya daina jiri a kasuwa da cikin taro

Akwai jirin da ba ya kama mutum a ɗaki, ba ya kama shi a gona, sai ya shiga cikin jama'a. Mutum zai wuni lafiya lau a gida, ya ba dabbobi dusa, ya yi ƴan aikace-aikacensa, amma da ya sa ƙafa a layin ƴan atamfa ranar Juma'a a Wudil, ko ya tsaya bakin kwalta motoci na giftawa, sai kai ya yi masa nauyi, ƙasa ta riƙa lilo, zuciya ta tashi, ya fara neman ginshiƙin rumfar da zai dafa. Wani a masallacin Juma'a abin ke samunsa, daidai lokacin da sahu ya miƙe gaba ɗaya. Wata a gidan biki, inda kowa ya sha anko ana ta kai da kawo. Akwai wanda kallon ruwa na gudu a magudanar Kadawa ya isa ya tayar masa da shi, ko gero na kaɗawa cikin iska, ko jan hotuna sama da ƙasa a fuskar waya. Yawancinsu ba sa cewa duniya na juya musu irin na hajijiya. Cewa suke, “Ji nake kamar ina cikin kwale-kwale,” ko “Kaina ba nawa ba ne.”

Da yake a kasuwa abin ya fi tashi, nan da nan za a ce gamo ne, wasu su ce hawan jini. Ko me aka ce, ƙarshen abin ɗaya ne: mutum ya daina cin kasuwa, ya riƙa aiken yaro, ya koma yin sallah a gida, mace ta yanke zuwa suna da biki. Wannan gudun kuwa shi ke raya ciwon. Ban hana kowa addu'a ba, amma maganin da aka fi dacewa da shi kishiyar gudu ne: a riƙa kai jiki ga abin da ke sa shi jiri, da gangan, amma da awo.

Abin da ke faruwa a ciki

Abu uku ne ke gaya wa ƙwaƙwalwa ko mutum a tsaye yake daidai: ido, tafin ƙafa da gaɓoɓi, sai wani sashe can cikin kunne mai ƴan bututu uku masu lanƙwasa cike da ruwa, wanda ke jin duk motsin da kai ya yi. In sashen kunnen nan ya samu matsala, ko daga kumburin jijiyarsa bayan mura, ko buguwar kai a hatsarin babur, ko ciwon ɓarin kai mai zuwa da jiri, sai ƙwaƙwalwa ta daina yarda da shi, ta jingina da ido. A kwanakin farko wannan dabara ce mai kyau. Matsalar ita ce wani lokaci kunnen ya warke ko ya lafa, amma ƙwaƙwalwa ba ta saki idon ba. A ɗaki, inda bango ke tsaye cak, ido ba ya ƙarya. A kasuwa kuwa komai motsi yake, mutane, buhuna a kan kai, tumaki, a daidaita sahu, sai ƙwaƙwalwa ta ɗauka jikin ne ke tafiya, ta fara gyara tsayuwar da ba ta karkace ba.

Likitoci sun daɗe da sanin haka. Tun a shekarun 1940 wasu likitoci biyu a Ingila, Cawthorne da Cooksey, suka lura cewa masu jiri da ke motsa kai sun fi waɗanda ke kwance saurin warkewa, suka tsara atisayen da har yau ake bi. A 1995 Adolfo Bronstein a Landan ya yi bayani filla-filla kan wannan jirin da gani ke tayarwa. A 2017 kuma ƙungiyar masana jiri ta duniya mai suna Bárány ta fitar da sharuɗɗan gane nau'insa mai daɗewa, wanda za ka ga an rubuta a kati da haruffan PPPD: jiri ko rashin daidaito a mafi yawan kwanaki na wata 3 ko fiye, wanda tsayuwa da motsi da kallon abubuwa masu motsi ko masu zane-zane ke ƙara masa ƙarfi.

Mataki na farko: a duba ka kafin komai

Kada ka fara atisayen da ke ƙasa kafin ma'aikacin lafiya ya gan ka, don jiri alama ce ta abubuwa da yawa. In ya zo farat ɗaya tare da karkacewar baki, ko mutuwar hannu ko ƙafa, ko magana ta sarƙe, ko gani bibbiyu, ko ciwon kan da ba ka taɓa jin irinsa ba, ko ka kasa takawa sam, ko kunne ɗaya ya daina ji nan take, wannan ba na atisaye ba ne. A nemi mota a tafi babban asibiti a wannan ranar, don yana iya zama shanyewar ɓarin jiki. Haka in ana suma, ko ƙirji na ciwo.

In babu ko ɗaya cikin waɗannan, fara da asibitin da ke kusa. A auna hawan jini kana kwance, a sake aunawa kana tsaye. A duba yawan jini, musamman mace mai ciki ko mai jego, a duba suga da maleriya, a leƙa kunne ko yana zubar da mugunya. A duba ido ma, don yanar ido ko sabon tabarau da bai dace ba na iya ɓata duk aikin. Ka faɗi duk allurar da aka yi maka kwanan baya. Jentamaisin, wadda ake kira janta, da sitireftomaisin suna iya lalata sashen daidaito na kunne, ɓarnar kuma wani lokaci ba ta gyaruwa, ga shi ana yin ta farkon a kemis kamar ruwa.

Akwai kuma wani jiri na daban da ya kamata a ware. Shi yana zuwa ne in ka juya a kan gado, ko ka ɗaga kai sama, ko wajen sujada: ɗaki ya juya da ƙarfi, amma bai kai minti ɗaya ba ya tsaya. Wasu ƴan ƙananan tsakuwoyi ne na cikin kunne suka bar mazauninsu suka faɗa ɗaya daga cikin bututun nan. Likitan da ya iya yana mayar da su cikin ƴan mintuna da wata dabarar juya kai da ake kira ta Epley. Mutum zai iya samun wannan da na kasuwar a tare, kuma shi ake fara gyarawa.

Waɗanda suka fi sanin wannan aiki su ne likitocin kunne, hanci da maƙogwaro, da likitocin fisiyo, wato na sashen gashi. Ana samunsu a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da Asibitin Murtala a Kano, da Asibitin Rasheed Shekoni a Dutse, da Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Birnin Kudu. Zuwa ɗaya ko biyu don a gwada ka a nuna maka da hannu ya cancanci kuɗin mota. Sauran aikin a gida ake yinsa.

Mataki na biyu: ƙwayar jiri

Da yawa daga masu wannan larura suna da Stugeron ko Stemetil a aljihu. Suna da amfani a kwana biyu ko ukun farko, lokacin da mutum ke amai bai iya ɗaga kai. Bayan nan sai su zama cikas, don aikinsu shi ne dusashe saƙon da ke zuwa daga kunne, kai kuma so kake ƙwaƙwalwa ta sake koyon sauraren wannan saƙon. Wanda ya yi wata da watanni yana sha kullum, ya tambayi likita yadda zai janye. Maganin hawan jini ko na suga kuwa ba a taɓa shi sai da izinin wanda ya rubuta.

Mataki na uku: koyi awo

A nan mafi yawan mutane ke faɗuwa, don haka zan daɗe a kai. Mai horar da shanun huɗa ba ya ɗaura wa ɗan bijimi garma ranar farko. Igiya tukuna, sannan itacen wuya, sannan ya ja gungume a fili, sai daga baya a shiga gona. In an gaggauta sai ya tsorata ya ƙi aiki, in kuma an bar shi a turke don tausayi, damina za ta zo bai iya komai ba.

Ka ba jirinka maki daga 0 zuwa 10. Sifili babu komai, 10 shi ne mafi munin da ka taɓa ji. Kafin kowane atisaye ka faɗi inda kake. Abin da ake so shi ne atisayen ya ɗaga jirin da maki 2 ko 3, kada ya wuce wajen 5, kuma in ka zauna ya koma inda yake cikin minti 15 zuwa 20. In bai motsa ba sam, atisayen ya yi maka sauƙi, ƙara sauri ko lokaci. In ya kwantar da kai har la'asar, ko ka tashi washegari da shi, ka zarce: gobe ka yi rabin abin da ka yi yau, amma ka yi. Kada ka tsallake rana don jiya ta yi wuya.

Samu wani a gida ya riƙe agogon waya da ɗan littafi, ko da ajami zai rubuta. Aikinsa tambaya da rubutu, ba tausayi ba. Ga yadda take kasancewa tsakanin uwa da ƴa:

“Inna, ya kai nawa?”

“Huɗu. Ke ƴar nan, zuciyata tashi take.”

“Saura daƙiƙa goma, Inna. Ki bar idonki a kan kwalin.”

In Inna ta ce shida, a tsaya nan take, a zauna, a jira ya sauka, sannan a koma da ƙaramin awo. Gajere-gajere sau uku zuwa biyar a rana ya fi dogo sau ɗaya. Hanya mafi sauƙi ta tunawa ita ce a liƙa shi da sallolin farilla: bayan an idar, minti biyar.

Mataki na huɗu: mayar wa ƙafa aikinta

Tsaya a kwanar ɗaki, bango a dama da hagu ta bayanka ba tare da ka jingina ba, kujera mai ƙarfi ko mutum a gabanka. Cire takalmi. Haɗe ƙafafu ka tsaya daƙiƙa 30 ido buɗe, hankalinka a kan tafin ƙafa: ina nauyin yake, dunduniya ko yatsu? Sannan rufe ido, daƙiƙa 10 da farko, a hankali har 30. Jiki zai ɗan yi lilo. Bar shi ya yi, kowa ma yana yi, kada ka sandare.

In wannan ya zama wasa, sa ƙafa ɗaya rabi a gaban ɗaya, daga baya dunduniya ta taɓa yatsun ta baya. Sai kuma a koma farko a kan abu mai laushi, katifar soso ko bargo da aka ninke. Mu a karkara muna da abin da asibitocin birni ke kashe kuɗi su kwaikwaya, wato yashi da gonar da aka yi wa huɗa. Tafiyar minti 10 zuwa 20 kowace safiya a kan rairayi, kana waiwaye dama da hagu kana kallon bishiyoyi maimakon ƙasa, tana cikin maganin. Masu ciwon suga da ƙafarsu ta daina jin taɓi sosai su bar takalminsu a ƙafa saboda ƙaya.

Mataki na biyar: ido a tsaye, kai na motsi

Ɗauki kwalin ashana ko takarda mai harafi ɗaya babba. Zauna, riƙe shi tsawon hannu daidai ido, bango fari ko na ƙasa mara zane a bayansa. Kafa ido a kan harafin, ka riƙa girgiza kai dama da hagu kamar mai cewa a'a. Motsin ƙarami ne, ba sai haɓa ta kai kafaɗa ba. Sharaɗin ɗaya ne: harafin ya zauna garau, kada ya yi dishi-dishi ko ya riƙa tsalle. Yi iyakar saurin da harafin zai jure, in ya fara ɓacewa ka rage. Daƙiƙa 30 da farko, a kai minti ɗaya, a kai biyu. Huta, sannan ka yi sama da ƙasa kamar mai cewa e.

Ƙa'idar da ƙungiyar likitocin fisiyo ta Amurka ta sabunta a 2022, ga waɗanda kunne ɗaya ya yi rauni kuma abin ya daɗe, ita ce a yi irin wannan sau 3 zuwa 5 a rana, jimillar aƙalla minti 20, na mako 4 zuwa 6. Ba ranar farko za ka kai nan ba, amma can aka nufa. Dattijon da wuyansa ke ciwo ya rage faɗin motsin, ko ya juya kafaɗa da kai tare.

Daga zaune sai tsaye. Daga nan kuma sai inda aikin yake da gaske: canza abin da ke bayan kwalin. Rataya tabarma mai zane a bango, ko ledar ɗaki mai ɗigo-ɗigo, ko atamfar da ta fi kowace hayaniya a cikin akwatin uwargida, ka liƙa takardar a tsakiya ka sake farawa daga zaune. Mutane da yawa sai a nan suke gane cewa lallai ido ne ke jawo musu abin, don harafi ɗaya ne, kai ɗaya ne, zane kawai aka canza, jiri ya tashi daga biyu zuwa biyar.

Mataki na shida: kawo kasuwa cikin gida

Yanzu kai za ka tsaya, duniya ta motsa. A manyan asibitocin waje ana yin wannan da fitilu masu yawo a bango da tabarau na kwamfuta. Zani da lema ma suna yi.

Mutum biyu su riƙe atamfa mai ratsi a buɗe, kamar taku biyu a gabanka, yadda za ta cika maka ido har gefe. Kana zaune, su riƙa kai ta dama da hagu a hankali. A makon farko wani ya riƙe kara a tsaye tsakaninka da zanin, ka kafa ido a kan karan, zanin na wucewa ta baya. Daƙiƙa 20 zuwa 30 sun isa. Daga baya a cire karan ka kalli zanin kansa, a ƙara sauri, a yi sama da ƙasa, sannan ka miƙe tsaye, sannan ka haɗe ƙafa, can gaba ka hau katifa. Abu ɗaya ake ƙarawa a lokaci guda. In ka ƙara sauri, kada ka ƙara tsayuwa a ranar.

Lema mai launi-launi ta fi zani tsanani. Buɗe ta, a nuna maka samanta, a riƙa murza sandar tana juyawa, zagaye goma ta dama, goma ta hagu. A bar ta sai zani ya daina tayar da komai.

Akwai bidiyoyi a YouTube na mutum yana ratsa kasuwa da kyamara, ko mota na tafiya a titi mai cunkoso. Sauke biyu ko uku ranar da ka shiga gari inda sabis ke da ƙarfi. Sai dai fuskar waya ƙarama ce, shi kuma wannan jiri gefen ido ya fi tayar da shi, don haka a matso da ita kusa da fuska a ɗaki mai ɗan duhu, ko a roƙi mai gidan kallo ya saka a babbar talabijin da rana kafin ƴan ƙwallo su cika wurin. Minti ɗaya, a huta, a maimaita. Mai farfaɗiya kada ya kusanci lema mai juyawa ko waɗannan bidiyoyi sai likita ya amince. Mai ciwon ɓarin kai ya fara da rabin awon kowa, kuma ya bar atisayen ido ranar da kan ya tashi.

Mataki na bakwai: kasuwar kanta

Ba sai ka gama na gida za ka fara wannan ba. Da zarar ka iya awo, a haɗa su. Rubuta wurare biyar ko shida da ke sa ka jiri, daga mai sauƙi zuwa wanda ko tunaninsa ba ka so, ka bi su daga ƙasa.

A ce kasuwarku Dambatta ce mai ci Lahadi, ko Maigatari mai ci Alhamis. Je ranar da ba ta ci, ka ratsa tsakanin rumfunan da babu kowa, ka saba da layukan. Ranar kasuwa ka je da sassafe ana sauke kaya, ka zauna a bakin kasuwa, bayanka a jikin bango, ka kalli masu wucewa minti biyar, ka koma gida ko da kana jin za ka iya fin haka. Mako na gaba ka yi kallon a tsaye. Sannan ka shiga layi ɗaya mai faɗi, na ƴan hatsi misali, ka sayi abu guda ka fito. Layin ƴan atamfa da na ƴan robobi, inda launi ya yi yawa hanya ta matse, su ne na ƙarshe, haka ma tsakar rana lokacin da kasuwa ta cika ta batse. Kasuwar mako-mako tana da nisa tsakani, don haka a sauran kwanaki a nemi madadinta: bakin tasha, ƙofar makarantar firamare lokacin tashi, wurin mai shayi a bakin titi. Wanda ya ratsa Kantin Kwari ana saura kwana uku Sallah ya fito da ƙafarsa, to ya sauke.

Ɗan rakiya ya yi tafiya a gefe, kada ya riƙe maka hannu. In jirin ya taso a tsakiyar layi zai ce, “Baba, mu juya?” Amsar da ta fi ita ce, “A'a, bari in tsaya nan ya lafa tukuna.” Matsa gefe, buɗe ƙafafu kaɗan, taɓa ginshiƙi da yatsa biyu, ba runguma ba, kafa ido a kan abin da ba ya motsi, kamar kusurwar rufin kwano. Saki kafaɗa. Ja numfashi ta hanci kana ƙirga huɗu, sake shi a hankali kana ƙirga shida. In ya sauka, ƙara ƴan taku kafin ka fita. Dalilin shi ne in kullum a guje kake barin wurin jiri na kan ganiyarsa, abin da jiki ke koya shi ne gudu ne ya cece shi.

A masallaci ka nemi ƙarshen sahu ta jikin bango, ka fara da sallolin da ba a cika ba kafin Juma'a, ka jira mutane su ragu kafin ka fita. Ruku'u da sujada da sallama motsin kai ne masu amfani, a yi su da natsuwa. Wanda tsayuwa ta gagare shi, hadisin Imrana ɗan Husaini da ke cikin Bukhari ya ba shi damar yin sallah a zaune, amma da ƙarfi ya dawo a koma tsayuwa.

Ke kuma da ba kya fita kasuwa, naki matakan suna nan a gida da unguwa. Zauna ki kalli yara na guje-guje a tsakar gida. Ki tsaya kusa da masu daka ki bi taɓarya da ido. Shanya da iska ke kaɗawa, tankaɗe da sheƙa, duk atisaye ne. Daga nan Islamiyya, sannan ranar awo ko rigakafi a asibiti, sannan gidan suna da safe kafin a cika, biki da kiɗa a ƙarshe. Maigida ya san cewa wannan fitar magani ce, kuma zai fi kyau ya ji haka daga bakin ma'aikacin lafiya.

A mota ka nemi gidan gaba, ka kalli nesa ta gilashin gaba, ba bishiyoyin da ke gudu ta taga ba. Kada ka taɓa waya ana tafiya.

Tsoro, da abubuwan da ke mayar da hannun agogo baya

Jiri na kawo fargaba, fargaba na sandarar da wuya ta sa mutum ya riƙa sa ido a kan kowane taku, wannan kuma ya ƙara jirin. Faɗin haka ba yana nufin mutum ƙirƙira yake ko ya samu taɓin hankali ba, kuma ƴan gida su daina ce masa raki. In fargabar ta kai ga hana barci, ko bugun zuciya tun kafin a bar gida, a gaya wa likita. Akwai zaman tattaunawa da masana halayyar ɗan Adam ke yi don wannan, akwai kuma magunguna irin su sataralin da ake ba masu PPPD ko da ba su da ciwon damuwa. Sukan ɗauki makonni kafin a ga aikinsu, ana farawa da kaɗan, kuma ba na saye a kemis ba ne.

Baƙin tabarau a cikin ɗaki, tafiya kai a sunkuye, da dogara sanda ga wanda ƙafarsa lafiya, duk suna ba da sauƙi yau su tsawaita ciwon. A janye su sannu a hankali. Tsoho mai haɗarin faɗuwa shi kam ya riƙe sandarsa.

Rashin barci, yunwa da ƙishirwa suna rage abin da jiki zai iya ɗauka. A watannin zafi a yi atisaye da safe da bayan la'asar, a sha ruwa sosai. Da azumi a mayar da mai wuyar bayan buɗe-baki. Zazzaɓi ko rasuwa a gida na iya mayar da mutum baya da mako biyu, wannan ba sabon ciwo ba ne, a sauka mataki ɗaya ko biyu a sake hawa. Har sai jirin ya lafa sosai, a haƙura da tuƙa babur, hawa bishiya ko rufin ɗaki, tsallake magudanar ruwa a kan katako, da jan ruwa a rijiyar da ba ta da katanga.

Ba a ganin canji a kwana uku. Alamar farko ma yawanci ba raguwar jirin ba ce, saurin lafawarsa ne: abin da ke ɗaukar awa guda ya koma minti goma. Shi ya sa littafin nan ke da amfani, don mai ciwo ba ya lura da wannan da kansa. In an yi mako 6 zuwa 8 ana yi kullum babu abin da ya motsa, ko ji ya fara raguwa, ko kunne na ƙara, ko wata sabuwar alama ta fito, a koma asibiti. Ka tafi da littafin, da kwalayen duk magungunan da ka sha har da na gargajiya, ka kuma tafi da wanda ke riƙe maka agogo, don ya fi ka sanin ranakun da aka yi da waɗanda aka tsallake.